Kumburin kitse a jikin yara, da dalilin da ya sa nake yawan tambaya

Aikin jinya a ɗakin yara ya mai da ni mai yawan tambaya, har wasu iyayen kan ɗauka titsiye nake yi musu. Uwa ta kawo yaro da ƙululu a ƙafa, ita so take a duba ƙafar, ni kuwa ina can ina tambayarta ko ya yi ciwon makogwaro a watan da ya wuce, ko akwai mai tari a gidan, ko an tsayar masa da wani magani kwanan nan. Sai ta dube ni ta ce, "Sista, ƙafar fa na kawo miki." Ai na sani. Sai dai akwai wani rukunin ciwo da ba a samun amsarsa a wurin da ya kumbura. Amsar tana cikin abin da ya faru kwanaki ko makonni kafin kumburin, kuma wannan labarin babu mai shi sai wadda take kwana take tashi da yaron.

Ciwon da nake nufi shi ne kumburin kitsen da ke ƙarƙashin fata, wanda likitoci ke kira fanikulaitis. Ba cuta ɗaya ba ce, suna ne da ya tattaro cututtuka da yawa waɗanda wurin zamansu ya zo ɗaya. Fatar mutum hawa-hawa ce. Akwai ta sama da ido ke gani, akwai ta tsakiya inda saiwar gashi da hanyoyin gumi suke, sannan can ƙasa akwai shimfiɗar kitse, wadda ke riƙe ɗumin jiki tana kuma kare ƙashi da tsoka daga bugu. Kitsen nan ba curi ɗaya ba ne. A rarrabe yake ɗaki-ɗaki kamar saƙar zuma, tsakanin kowane ɗaki da maƙwabcinsa akwai siririn bango wanda jijiyoyin jini ke bi ta cikinsa. Wani kumburin bangon yake kamawa, wani kuma kitsen da ke cikin ɗakin yake ci. Wanda ya tsaya a bango yakan warke bai bar komai ba. Wanda ya ci kitsen kuwa yana iya barin loɓawa a wurin, tunda abin da ya cika fatar ya tafi.

Da yake abin yana da zurfi, hannu ya fi ido ganinsa. Hotunan da ke cikin littattafan da aka koyar da mu yawanci na masu farar fata ne, inda wurin ke yin ja jawur. A baƙar fata ba haka yake fitowa ba. Wurin yakan ƙara duhu ne kawai, ko ya yi sheƙi. Wani lokaci ba ka ganin komai, sai ka ɗora tafin hannu ka ji ɗumi da tauri, yaron kuma ya janye ƙafarsa da sauri. Shi ya sa nake shafa ƙafafun duka biyu a hankali, daga gwiwa zuwa idon sawu, ko da ɗaya aka nuna mini.

Wanda ya fi yawa cikinsu, a yara da manya, shi ne eritima nodosum. Wani likitan fata na Ingila, Robert Willan, shi ya bayyana shi tun 1798. Ƙululai ne masu zafi a gaban ƙwauri, yawanci a ƙafa biyu, faɗin kowanne daga santimita 1 zuwa 5. Ba su da baki, ba sa tara mugunya, ba sa fashewa. Sukan zo da ɗan zazzaɓi da kasala da ciwon gaɓoɓi, musamman idon sawu da gwiwa. Kafin balaga maza da mata kusan daidai suke wajen kamuwa, bayan balaga mata sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Na tuna wata yarinya 'yar shekara tara da aka shigo da ita a goye don ta ƙi taka ƙasa. Uwarta da kakarta ne suka kawo ta. A gida an riga an yanke hukunci maruru ne, ana ta jiran ya nuna ya fashe, shi kuwa ya ƙi nuna, sai ma wasu da suka ƙaru a ɗaya ƙafar. Na tambayi uwar ko yarinyar ta yi wani ciwo kwanan baya, ta ce lafiyarta ƙalau. Na juya wurin tsohuwar na ce, "Iya, ke fa? Ba ki ga ta yi ko da mura ba?" Ta ɗan yi shiru, can ta ce, "Yo ba ita ce ta kwana biyu ba ta iya haɗiyar yawu ba?" Uwar ta ce, "Wannan ai ya daɗe da wucewa, Iya, ya kusa mako uku." Mako ukun nan shi muke nema. Likita ya sa aka ɗebi jini aka yi gwajin ASO, wanda ke nuna ko jiki ya gwabza da ƙwayar sitireptokokus kwanan nan, ya kuwa fito sama sosai.

A yara, wannan ƙwaya ta makogwaro ita ce kan gaba cikin dalilan da ake ganowa. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙwayar ba ta cikin ƙafar. Garkuwar jiki ce ta tashi faɗa da ita a makogwaro, ƙurar faɗan ta bi jini ta sauka a bangon kitsen ƙwauri, wurin da jini ke tafiya a hankali. Tsakanin ciwon makogwaron da fitowar ƙululun akan sami mako biyu zuwa uku, lokacin kowa ya manta. Saboda haka matsa ƙululun, ko huda shi, ko ɗora masa abu mai zafi wai don ya nuna, duk wahalar da yaro ne a banza. Babu abin da zai fito. Abin da za a samu shi ne sabon gyambo a wurin da da zai warke sumul.

Wani zai ce, to tunda yana warkewa da kansa cikin mako uku zuwa shida, na mene ne duk wannan tone-tone? Ita sitireptokokus ɗin tana da ɓarnar da ta fi ƙululu. Ita ce ke jawo zazzaɓin nan da ke lalata ƙofofin zuciya, ita ce kuma ke jawo wani kumburin ƙoda. Idan har yanzu tana makogwaro, gara a gama da ita da fenisilin na kwana 10 cif, ba a sha na kwana uku a ga sauƙi a ajiye ba.

Babban dalilin tone-tonen kuwa shi ne tarin fuka. Ƙululun ƙwauri na iya zama alama ta farko da ke nuna ƙwayar ta shiga jikin yaro, tun bai fara tari ba, tun bai rame ba. Likitan yara ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Wallgren, wanda ya daɗe yana bin diddigin yadda tarin fuka ke tafiya a jikin yara, ya nuna cewa ƙululun na fitowa ne a makonnin farko bayan kamuwa, daidai lokacin da gwajin fata ke fara nunawa. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙirji, a kuma yi gwajin Mantoux, 'yar allurar nan da ake yi a fatar hannu a dawo a duba bayan awa 48 zuwa 72. Tambayar "akwai mai tari a gida?" ita ce wadda na fi samun gurguwar amsa a kanta. Ba don iyaye maƙaryata ne ba, sai don ba wanda ke son a ce tarin kakan yara ko na kawunsu wancan tarin ne. Shi ya sa nake bi ta wata hanya: su wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi, kuma a cikinsu wa ya rame bana? Da wuya ƙaramin yaro ya ɗauki tarin fuka a wurin yaro ɗan'uwansa, kusan kullum wani babba ne a kusa da shi. Sai ka ga ƙafar jika ta zama sanadin da aka gano ciwon kaka.

Akwai sauran dalilai. Ciwon hanji mai daɗewa irin ciwon Crohn, wanda ake zargi idan yaro na fama da gudawa da ciwon ciki da rashin girma. Wasu ƙwayoyin gudawa. Wasu magunguna, musamman masu salfa. A kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin masu ciwon kuwa, a gama bincike ba a ga komai ba. Iyaye kan ji kamar an yi asarar gwaji. Ni ban ga asara ba, tunda an tabbatar ba manyan ba ne.

Maganin ƙululun kansa ba shi da yawa: hutu, ɗora ƙafa a kan matashi, da farasitamol ko ibufurofen gwargwadon nauyin yaro. Ban da asfirin, ba a ba yara shi haka kawai. Rubuta "hutu" a kati ba wuya, zaunar da 'yar shekara tara ne aiki. Yarinyar nan da zafin ya ɗan lafa sai ga ta tana zagaya gadajen ɗakin tana gaishe da kowa, da yamma ƙafar ta sake ɗaukar zafi, kakar tana ta faɗa. Tsayuwa da guje-guje suna tayar da shi, wannan kam na sha gani. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne a ba yaro firednisolon don ƙululun ya baje da wuri tun ba a kawar da zargin tarin fuka ba. Zai baje kuwa. Amma maganin yana danne garkuwar jiki, ƙwayar da ke laɓe ta sami sarari.

Wajen warkewa ƙululun yakan baje ya bar launi irin na kwanciyar jini. Na taɓa ganin wani uba ya zo a fusace yana cewa dukan ɗansa aka yi a ƙwauri, saura kaɗan ya je ya tayar da rigima da wanda bai ji ba bai gani ba. Sai da matarsa ta tuna masa cewa abin da ƙululu mai ɗumi ya fara, ba da bugu ba, sannan ya sauko.

Wani irin kumburin kitsen kuma har dariya yakan ba ni, bayan an gama tsorata. Jariri ko yaro ɗan ƙasa da shekara biyu, kumatunsa ya yi tauri kusa da gefen baki, wurin ya yi duhu, amma yaron na wasansa, babu zazzaɓi, yana cin abincinsa. Sanyi ne. Kitsen jarirai ba irin na manya ba ne. Nasu ya fi yawan nau'in mai da ke saurin daskarewa, falmitik da sitiyarik, na manya kuwa ya fi yawan oleyik wanda ba ya daskarewa da wuri. Saboda haka sanyin da babba ba zai ko kula ba yana iya daskarar da kitsen kumatun jariri ya ji masa rauni. A 1970 wasu likitoci biyu a Amurka suka ba da rahoton irin wannan a jikin jaririn da aka ba ƙanƙara mai zaƙi ya tsotsa. Ana ganinsa kuma a ƙasashe masu tsananin sanyi ga yaran da aka fita da su fuska a buɗe, har ma da jariran da aka ɗora wa ƙanƙara a fuska a asibiti don a saisaita bugun zuciyar da ya yi sauri fiye da kima. Taurin ba ya fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Idan na tambayi uwa ko an ba shi abu mai ƙanƙara shekaranjiya takan ce a'a, sai yayarsa da ke tsaye a gefe ta sunkuyar da kai. Yana warkewa cikin 'yan makonni ba tare da magani ba. Amfanin gane shi shi ne a tsame yaro daga alluran da ba ya buƙata. Amma a yi hattara, kumatun da ya kumbura ga zazzaɓi, yana yaɗuwa ana kallo, yaro ya yi laushi, wannan ƙwayar cuta ce a cikin fata, kuma ba a kwana da shi a gida.

Wanda na fi jin tsoro shi ne na sabbin haihuwa. Yana kama jaririn da ya cika watanninsa, sau da yawa ma ƙato, amma ya sha wuya wajen fitowa: doguwar naƙuda, ko bai yi kuka da wuri ba, ko ya shaƙi kashinsa na farko, ko uwar na da ciwon sukari ko hawan jinin masu ciki. Ana ganinsa kuma a jariran da aka sanyaya wa jiki da gangan. A asibitocin da ke da kayan aikin, jaririn da iska ta yanke wa wajen haihuwa akan sauke zafin jikinsa zuwa digiri 33.5 na tsawon awa 72 don a kare ƙwaƙwalwarsa. Magani ne mai amfani ƙwarai, sai dai kitsen wasu ba ya jurewa. A makonnin farko sai uwa ta ji wani faffaɗan tauri a bayan jaririn, ko kafaɗa, ko ɗuwawu, ko cinya, ko kumatu, yawanci wajen canza masa kaya. Kitsen wurin ne ya mutu.

Taurin kansa yakan yi laushi ya ɓace cikin makonni ko 'yan watanni. A nan tambayata takan juya, ba abin da ya wuce nake nema ba, abin da ke tafe nake gudu. Ƙwayoyin garkuwar jiki da suka taru don kwashe mataccen kitsen suna sarrafa bitamin D mai ƙarfi babu linzami, shi kuma ya sa hanji ya yi ta zuƙar kalsiyam har ya yi yawa a jini. Ba kowane jariri ke samun wannan ba, amma yana iya faruwa bayan taurin ya fara bajewa, har zuwa wata shida. Jariri ya rage kama nono, ya riƙa amai, bayan gida ya yi masa wuya, fitsari ya yi yawa, ya yi laushi ko ya cika rigima, nauyinsa ya tsaya. Idan aka bari, kalsiyam ɗin kan taru a ƙoda, yana kuma iya taɓa bugun zuciya.

A dubi alamun nan da kyau, babu ɗaya a ciki da za ta sa uwa ta tuna da taurin da ya riga ya wuce. Wane jariri ne ba ya tumbuɗi? Wata matashiya mai haihuwar fari an ba ta ranakun dawowa gwajin jini, ta zo na farko, daga nan shiru. Da ta dawo, jaririn ya yi yaushi, idanu sun faɗa. Na ce, "Ƙanwata, ina kika shiga?" Ta ce, "Anti, ai bayan nasa ya warke sumul, na ga ba sai na kawo shi ana ta soka masa allura ba." Ban ga laifinta sosai ba. Uwar da ke ganin ɗanta lafiya ba za ta so a riƙa ɗibar masa jini ba, in dai ba ta san don me ake yi ba. Aka sa masa ruwa, aka ba shi maganin da ke fitar da kalsiyam ta fitsari, aka dakatar da ɗigon bitamin D da ake ba shi, Allah ya sa ya tashi. Ni dai duk uwar da jaririnta ke da wannan tauri ba na barin ta da "ki dawo ranar kaza". Sai na sa ta maimaita mini da bakinta cewa warkewar taurin ba ita ce sallama ba, sallama sai jini ya nuna. Kuma duk wanda zai duba jaririn nan gaba saboda amai ko ƙin nono, ta gaya masa labarin taurin ko bai tambaya ba.

Kada a haɗa wannan da sandarewar da ke kama bakwaini ko jaririn da cuta ta ci ƙarfinsa, inda fatar jiki kusan duka ke yin tauri har ba ta matsuwa. Wancan alamar ciwo ne mai tsanani a cikin jiki, kuma gaggawa ce.

Tambayata a kan maganin da aka tsayar tana da nata dalili. Yaron da ya daɗe yana shan firednisolon mai yawa, misali saboda ciwon ƙodar da ke kumbura jiki, idan aka yanke masa shi farat ɗaya, bayan 'yan kwanaki zuwa 'yan makonni ƙululai na iya fito masa, yawanci a kumatu. Ba a cika ganinsa ba, kuma kusan a yara kaɗai ake gani. Ƙululun ma shi ne ƙaramin abu a nan. Jikin da ya saba da wannan magani yakan daina yin nasa sinadarin mai aiki irin na maganin, in aka yanke ba a bi a hankali ba yaro na iya faɗuwa warwas. Ragewa ake yi kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita, ko da kwalbar ta ƙare ne a koma a faɗa.

Sauran nau'o'in ba su da yawa, amma su ne ke barin tabo. Akwai na ciwon lufus, inda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi jikin mai ita, mai kama fuska da damtse da ɗuwawu ya bar rami. Akwai wanda likitan Faransa Bazin ya bayyana a 1861, shi ma ɗan tarin fuka ne, amma a sha-raɓa yake fitowa ba a gaban ƙwauri ba, kuma yakan fashe ya zama gyambo. Akwai wanda wani gado a jini ke jawowa, ko ciwon fankiriyas, gaɓar nan da ke bayan tumbi wadda ke yin ruwan narkar da abinci. Akwai kuma wani irin sankarar jini da ke shigar burtu ta fito da kamannin kumburin kitse. Ba na lissafa su don in tsorata kowa. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ba sa bin ƙa'idar eritima nodosum: suna fitowa a wuraren da ba ƙwauri ba, ko su fashe, ko su wuce wata biyu ba su tafi ba, ko su tafi su dawo, ko su zo da zazzaɓin da ya ƙi sauka da rama da kumburin ciki.

Irin waɗannan ne ake yankar ɗan nama a kai ɗakin gwaji. Iyaye kan firgita idan suka ga yankan da zurfi har da ɗinki, suna zaton ɗan kankare sama za a yi. Dole ne ya yi zurfi. Ciwon yana can ƙasa, in aka ɗauki fatar sama kaɗai sakamako zai dawo ba a ga komai ba, a sake kiran yaro a sake yanka.

Kafin a kai ga nan, akwai abubuwan da na ga sun fi taimaka wa likita, kuma duk a hannun iyaye suke. A ɗauki hoton wurin da waya tun ranar farko, a cikin hasken rana, a sake ɗauka bayan kwana biyu-biyu, domin ƙululun da uwa ta gani a farko ba shi likitan fata zai tarar ba idan layi ya zo bayan makonni. A zagaye gefensa da biro don a san ko yana faɗaɗa. A zo da katin haihuwa idan jariri ne. A kuma kwaso duk maganin da yaron ya sha a watan da ya wuce, har wanda ba likita ne ya rubuta ba, ba wanda zai yi faɗa. Ko kwalin ya yage a zo da shi, sunan da ke jiki muke son karantawa.